Kafin a Kafa Rumfar Gwajin Jini a Ojoo

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani yaro da nake ɗauka tamkar ƙanina ya tare ni a bakin tashar Ojoo, da fosta naɗe a hammatarsa. Ɗan wajen Funtuwa ne, malami a wata kwalejin ilimi ta Arewa, TETFund ce ta ɗauki nauyinsa ya zo Ibadan yin digiri na biyu a wani sashen kimiyya. Sunan sashen da na makarantar zan bar su a cikina, don ba tonon silili na zauna yi ba.

Ya ce, "Yaya, alfarma na zo nema. Ƙungiyarmu ta ɗalibai masu neman manyan digiri za ta yi makonta na shekara, an ware Asabar don jama'ar gari. Za mu zo nan Ojoo mu yi gwaji kyauta, sikari da hawan jini da sikila da ciwon hanta, a ƙarshe a raba shinkafa da sabulu. Ni aka ɗora wa neman fili da izinin manya, tunda ni ke jin Hausa."

Na warware fostar. Turanci ne tun daga sama har ƙasa, sai layi ɗaya na Hausa da manyan baƙaƙe, wanda ke cewa komai kyauta ne. Na tambaye shi wa zai ɗebi jinin. Ya ce su. Na ce akwai likita ko ma'aikacin ɗakin gwaji mai lasisi a cikinku? Ya ce ana magana da wani. Na ce to jinin da ya rage bayan an gwada, ina za shi? Nan ya sosa ƙeya, ya ce akwai mutum biyu a cikinsu da aikin digirinsu kan ciwon hanta yake, kuma samfur ya yi musu wuya. Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike fa? Sun nema, ba ta fito ba tukuna. Shugaban sashe ya sani? Ya san dai za a yi mako. To wa ya yanke wannan shawara? Ya ce, "A WhatsApp aka yi, Yaya. Ni ma da safe na tashi na gani."

Na mayar masa da fostarsa, na ce ba zan kai shi wurin kowa ba. Kuma da yake wannan ne karo na uku cikin shekara biyu da irin wannan magana ta zo hannuna daga ƙungiyoyin ɗalibai daban-daban, na ga shiru ba zai yi ba.

Yaran nan ba mugaye ba ne, wannan na yarda da shi. Yawancinsu Yarbawa ne da Ibo masu kyakkyawar niyya, sun gaji da makon ƙungiya da ba ya wuce lacca da ƙwallo da liyafar dare, suna son a ce sun taɓuka wa talaka wani abu. Ojoo kuwa a kan hanyar kowa take. Daga ƙofar Jami'ar Ibadan mintoci kaɗan ne a tasin Micra, cibiyar bincike ta NISER na nan kusa, ta IITA na gaba a hanyar Moniya, Sasa na maƙwabtaka. Ga mutane jingim: 'yan dako, 'yan acaba, masu yankan farce, direbobin tirela da yaransu, mata masu tuwo-tuwo. Duk ɗalibin da malaminsa ya ce ya kawo samfur ɗari uku kafin ƙarshen zango, idan ya leƙo tashar nan da hantsi, ya san ya ga abin da yake nema. Matsalar daga nan take farawa, domin an zuba hidima da bincike da rabon abinci a tukunya ɗaya, kuma babu wanda zai ce shi ne mai tukunyar.

Maganar jinin ita ta fi tsaya mini a rai. Duk Bahaushen da ya mallaki hankalinsa a 1996 ya san abin da ya faru a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, kuma an sanar da iyaye da baki. Iyayen suka ce su dai magani suka zo nema, ba wanda ya ce musu gwaji ne. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar da aka nuna, bayan an gama aikin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma kafin sulhun, an riga an biya wani farashin da ya fi wannan: a 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, kuma labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kano ba ta dawo ba sai ƙarshen Yulin 2004, cutar kuwa ta riga ta tsallaka iyaka, har Yaman da Indunusiya sai da ta kai. A Fabrairun 2013 aka harbe mata masu rigakafi su tara a Kano. Sai 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Ban ce ɗalibi mai kula da ƙanƙara da kwalaben jini daidai yake da kamfanin magani na Amurka ba. Shi ba ya ba kowa magani. Amma ainihin laifin iri ɗaya ne: mutum ya miƙa hannu yana zaton taimakonsa ake yi, alhali shi ne yake taimakon wani, kuma ba a gaya masa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce ba a bincike a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an bayyana masa manufar aikin da abin da zai iya biyo baya. Akwai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, akwai na haɗin gwiwar Jami'ar Ibadan da asibitin koyarwa na UCH, akwai na ma'aikatar lafiya ta jihar Oyo. Ba don ado aka kafa su ba. Wanda takardarsa ba ta fito ba, hukuncinsa jira. Idan ya ɗebi jinin yau da nufin ya liƙa takardar gobe, to abin da aka yi a Kano ya maimaita, ƙaraminsa dai.

Sannan wace irin yarda ce mai shinkafa a gefe? Ɗan dakon da tun asuba bai karya ba, ka ce masa ga kongon shinkafa nan amma sai an bi layin gwaji, ka miƙa masa takarda da Turanci ka ce ya dangwala. Zai dangwala mana. Ko takardar sayar da gonar ubansa ce zai dangwala. Masu ilimin ɗa'ar bincike sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke hana a haɗa kyauta mai tsoka da neman yarda wurin mabuƙaci.

A ce ma babu batun bincike, gwajin kawai za a yi. Sakamakon fa? Ciwon hanta nau'in B ba ciwon kai ba ne da za a ce sha Panadol ka kwanta. Ka gaya wa magidanci mai mata biyu, a ƙarƙashin rumfa, abokan sana'arsa na tsaye a bayansa suna miƙa wuya, cewa yana ɗauke da shi. Sai me? Wa zai zauna ya fahimtar da shi? Wa zai tura shi UCH a sake tabbatarwa, a duba matansa da 'ya'yansa? Su ɗaliban ƙarfe huɗu za su naɗe rumfa su tafi shirin liyafa. Shi kuma kafin magariba labari ya kai layinsu, gobe ba mai cin abinci kwano ɗaya da shi. Na sikila ya ma fi wannan haɗari, don yanzu takardar jini ta shiga maganar aure, Kano ma ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. In aka rubuta wa yarinya AA alhali AS ce, ko akasin haka, ko dai a ɗaura auren da zai haifar da 'ya'ya masu jinya, ko a fasa wanda babu abin da ya hana shi. Kuma kuskure ba abin mamaki ba ne a inda wuta ba ta tsayawa. Mun ga yadda ɗaliban Jami'ar Ibadan suka fito zanga-zanga a Yulin 2024 kan rabon wutar da aka mayar awa 10 a rana, bayan kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 a watan Afrilu. Idan babbar jami'a na fama haka, firizar wani ɗan ɗakin gwaji da kayan gwajin da aka sayo da arha a kasuwa, Allah kaɗai ya san sau nawa suka huce suka sake sanyi.

Ga tsinken huda yatsa da allurai. A asibiti akwatinsu daban, ƙona su ake yi. A filin tasha a leda za a ƙulle su a jefa bola, kuma kowa ya san su wa ke tonon bolar Ojoo.

Yanzu rabon. Wannan ba sai na je Kano na ɗauko misali ba, a garin nan aka yi. Ranar 18 ga Disambar 2024, a harabar makarantar Islamic High School da ke Basorun, aka shirya wa yara biki, aka yi shela a rediyo cewa yara 5,000 za su samu naira 5,000 kowanne. Tun kafin gari ya waye iyaye suka cika ƙofa. Yara 35 suka mutu a turmutsutsun. Kwana uku bayan haka aka sake yi a Okija ta jihar Anambra da kuma wata coci a Maitama ta Abuja, duk wurin rabon abinci. Kafin su, a Maris na shekarar, ɗalibai mata biyu sun rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wurin rabon shinkafar tallafi. Babu ɗaya daga cikin masu shirya waɗannan da ya kwana da niyyar kisa. Abin da ya haɗa su shi ne shelar da ta fi kayan yawa, da ƙofa ɗaya, da rashin wanda ya lissafa mutum nawa za su zo. Na tambayi ƙanin nawa buhu nawa suka tanada. Ya faɗa mini. Ko layin masu albasa na Sasa ba zai zagaya ba, kuma fostar ba ta ce mutum kaza ba, cewa ta yi komai kyauta ne.

Kuma a ina za a yi wannan? A ƙaramar hukumar Akinyele, taku kaɗan daga kasuwar Sasa. Wanda ya ga Fabrairun 2021 ba ya buƙatar tuni. Cacar baki ce tsakanin ɗan dako da wata mai shago kan kayan da suka zube, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu washegari. Cikin kwana biyu shaguna da gidaje sun ƙone, an yi asarar rayuka, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwa ya sa dokar hana fita, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Bauchi suka taso takanas. An sasanta, an koma ciniki, Baale da Sarkin Sasa sun yi ƙoƙarinsu. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A irin wannan wuri ka tara ɗaruruwan Hausawa, masu riƙe da allura kusan duk ba Hausawa ba, sannan wata tsohuwa ta faɗi a layi, ko wani yaro ya suma bayan an ɗebi jininsa. Ba sai kowa ya mutu ba. Saƙon murya ɗaya ya isa: an zo ana ɗibar jinin 'yan Arewa a Ibadan. Kafin la'asar ya kai Gusau. Kada wani ya ce mu ne kawai masu saurin yarda da jita-jita. A Oktoban 2017 iyaye a Kudu maso Gabas sun ruga makarantu sun kwashe 'ya'yansu saboda raɗe-raɗin cewa sojoji masu aikin jinya kyauta suna yi wa yara allurar ƙyandar biri.

To in abin ya lalace, wa za a kama? Nan ne maganar ta koma kan yadda ake tafiyar da waɗannan ƙungiyoyi, kuma nan ne nake da ƙorafi a kan yaranmu. Ƙungiyar ɗaliban manyan digiri a sashe ba kamar babbar ƙungiyar ɗalibai take ba, mai majalisa da mai binciken kuɗi da 'yan jaridar makaranta a kanta. Mutum goma sha wani abu ne za su hallara ranar zaɓe, wanda bai ƙi ba ya zama shugaba. Wa'adi shekara ɗaya ne, kowa hankalinsa na kan kare aikinsa ya tafi. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya tsinka abin da ya rage na miƙa mulki hannu da hannu a wurare da dama, har ka tambayi kundin tsarin ƙungiya a ce yana kwamfutar wani da ya tafi Kanada. Kuɗin ƙungiya a asusun ma'aji na kansa suke kwana. Malamin da aka naɗa mai ba da shawara sunansa ne kawai a kan takarda. Ba a rubuta abin da aka tattauna, don ba a zauna ba balle a tattauna: mutum uku ne suke ta rubutu a waya da tsakar dare, sauran su tashi su ga an gama.

Namu kuwa sukan biya kuɗi su ɓace. In ka tambaya, su ce taron yana cin lokacin salla, ko a ƙarshe liyafa ce da kiɗa da abin da ba su sha. Uzuri ne, amma bai kai ba. Ana iya cewa a matsar da lokaci, ana iya halartar zama a bar liyafa. A babbar jami'ar garin nan, ɗakunan kwanan masu manyan digiri sunan Tafawa Balewa da Abdulsalami Abubakar suke ɗauke da shi, ga zauren Sultan Bello, kuma Sarkin Musulmi ne uban jami'ar. Ban ga dalilin da ɗan Arewa zai riƙa raɓe-raɓe kamar wanda ya shigo gidan biki ba gayyata ba. Sakamakon raɓewar shi ne abin da ya sami ƙanina: ba a neme shi ranar shawara ba, sai ranar neman tafinta. Kuma ranar da abu ya ɓaci, shugaban ƙungiya ba wanda ya san fuskarsa a Ojoo. Wanda aka sani shi ne yaron da ya durƙusa gaban Liman ya ce, Baba, mutanen kirki ne, ni na tsaya musu. Gidan da yake haya aka sani, garinsu aka sani, kwalejin da ta turo shi aka sani. Makaranta kuma, a ranar, za ta ce ba da izininta aka yi ba, kuma gaskiya ta faɗa. Hukumar da ta iya dakatar da babbar ƙungiyar ɗalibai ɗungurungum, kamar yadda aka yi a Jami'ar Ibadan a Mayun 2017 har zuwa 2019, ƙungiyar sashe ba za ta ɗauke ta minti biyar ba, kuma masu neman samfurin na iya rasa digirin da suka yi duk wannan dominsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma da gaggawa. Iyayenmu sarakunan Hausawa na Ojoo da Sasa da Sabo, da limamai, da shugabannin 'yan dako da na direbobi: duk wanda ya zo da maganar gwaji kyauta, ko da ɗanku ne na cikinku ya kawo shi, a ba shi wurin zama da ruwa, sannan a ce ya kawo wasiƙar shugaban sashensu mai hatimi, da sunan likita ko ma'aikacin ɗakin gwaji mai lasisi da zai tsaya a wurin, da shaidar cewa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya sani. A tambaye shi baki da baki ko za a tafi da jini ko fitsari ko sunayen mutane. In ya ce e, ya nuna takardar kwamitin ɗa'a, mai kwanan wata kafin ranar aikin, da takardar yarda da Hausa, a karanta wa kowa da ƙarfi, in da hali har da ajami, tunda da yawa daga cikin dattawanmu shi suke karantawa. Kafin waɗannan su cika, kada a ba da fili, kada a yi sanarwa a masallaci. Kuma ko sun cika, a raba ranar gwaji da ranar rabo. Mai son ba da shinkafa ya kawo ta hannun shugabanni da jerin sunaye, a kai wa zawarawa da marasa lafiya gida-gida, yadda aka saba yi da zakkar kono, ba tare da an tara kowa a rana ba.

Ku kuma ɗalibai, ku kira cikakken zama na duk 'yan ƙungiya, a ɗaki, da malaminku mai ba da shawara a zaune, a rubuta wanda ya kawo shawara da wanda ya goyi baya. Wanda aikin digirinsa zai amfana da taron ya faɗa da bakinsa, ya fita kafin a kaɗa ƙuri'a. Ku ɗaga ranar. In kuna son hidimar da gaske, cibiyar lafiya matakin farko tana nan da ma'aikatanta da ɗakin da za a gaya wa mutum sakamakonsa shi kaɗai; ku kai musu kayan gwajin da hannuwanku, ku yi aiki a ƙarƙashinsu. Ba za a samu hoton rumfa da riguna iri ɗaya na sakawa a Facebook ba, na sani.

Shekaranjiya ƙanin nawa ya kira ni. Ya kai maganar, shugabansu ya saurare shi da ladabi, amma ya ce an riga an biya kuɗin rumfa da kujeru, an buga riguna, ɗaga rana asara ce. Wai za su nemi wani ya kai su wurin manya in ni na ƙi. Na je na sami Baba Liman da kaina bayan isha'i, ya ce ba za a yi shela a masallacinsa ba. Sai dai jiya da yamma wani mai tumatir a Sasa ya kunna mini saƙon murya a wayarsa, muryar yaro ce da Hausa mai kyau, yana cewa a fito da mata da yara ranar Asabar, akwai likitoci, akwai shinkafa, kowa zai samu. An riga an tura shi rukunin 'yan kasuwa biyu da na sani.

Asabar ɗin saura kwana tara. In saƙon ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba, kuma ka gaya wa wanda ya turo maka cewa babu likitan da ya amsa zuwa har yanzu.